Larabar da Tattabarun Norris Suka Dawo

Da shagon gyaran keken Norris Birtle ya mutu, bashi ya kai masa iya wuya, sai ya cike takardun hukuma aka rubuta shi cikin waɗanda suka karye. Bai yi kuka ba. Ya shanye shayinsa, ya fita tsakar gida ya gaya wa tattabarunsa, don tun rasuwar matarsa su yake fara ba labari.

Su goma sha tara ne, na tsere, irin waɗanda ake kai wa ƙetaren teku a kwando a saki, su nemo garinsu Barnsley da kansu ba tare da sun tambayi kowa hanya ba. Cikinsu akwai wata shuɗiya mai ɗingishi, Doris. Sunan matarsa ne. Matar ce ta ɗumama ƙwan da Doris ta fito daga ciki, cikin safa a gefen murhu lokacin da uwar ta guje shi. Duk wanda ke zuwa kulob ɗin masu tattabaru ya san Doris ta taɓa zuwa ta uku a tsere daga Faransa, saboda Norris ba ya bari a manta.

Wasiƙa ta zo cewa ranar Laraba za a turo mai kimanta kaya. Norris ya nuna wa abokinsa Alwyn, tsohon mahaƙin kwal wanda bai taɓa karyewa ba amma ya san komai a kai.

"Sun gama da kai, abokina," in ji Alwyn. "Gado za su ɗauka. Buta, labule, har haƙoran roba in masu kyau ne. Kawuna da ya karye, karensa aka yi gwanjo."

"Tsuntsaye fa?"

"Da su ake farawa. Sai kurkuku."

Ran Talata Norris ya zuba tattabarun a kwanduna, ya kai su Doncaster, garejin ƙanwarsa Glenda.

"Kada ki buɗe ƙofar nan," ya ce mata. "Ko gobara ake."

"To, Yaya. Motata fa tana ciki."

Bai ji ba. Yana can yana ba Doris haƙuri.

Laraba da ƙarfe goma mai kimanta kayan, Misis Pickering, ta iso da biro da allon rubutu. Ta tarar da gado a ƙofar gida, katifa a naɗe, Norris tsaye cikin kwat ɗin da ya sa ranar jana'iza, bakinsa a lotse saboda ya ɓoye haƙoransa na roba cikin tukunyar shayi. Alwyn ya zo shaida.

"Gadon nan fa, Mista Birtle?"

"Na rage miki wahala ne."

"Mayar da shi ciki. Me hukuma za ta yi da gadonka?"

Ta duba sifanu da famfon iska, ta ce kayan sana'a ne, nasa ne. Buta ma tasa ce. Norris ya tambayi yaushe motar kurkukun za ta zo.

"Wane kurkuku?"

"A zamanin kawuna akwai," in ji Alwyn.

Suka fita tsakar gida. Ta leƙa ɗakin tattabarun, an share shi tas, ko gashi ɗaya babu.

"Nan fa?"

"Ɗaki ne."

"Na me?"

"Nakan zauna a ciki," in ji Norris.

A daidai nan inuwa ta gifta a kan takardarta. Norris bai ɗaga kai ba, ya san ƙarar. Can Doncaster Glenda ta fitar da mota za ta kasuwa, ta kuma ga tsuntsayen sun takura a kwando, ta ce bari su ɗan sha iska. Shekara talatin Norris ya yi yana koya wa tattabaru abu guda, shi ne su dawo gida da sauri, kuma ba su taɓa yi masa biyayya irin ta ranar ba. Suka sauka bi da bi, suka wuce ta gefen kunnen Misis Pickering, kowace ta shige gurbinta.

Goma sha takwas. Doris, kamar kullum, ba ta iso ba.

Misis Pickering ta cire gashin tattabara daga kafaɗarta. "Mista Birtle, duk abin da abokinka ya gaya maka babu shi. Abu ɗaya ne ke jawo wa mutum masifa, ɓoye kadara. Don haka ina tambayarka sau ɗaya. Suna da tsada? In suna da tsada, sayar da su za a yi."

Alwyn mutum ne da ba ya iya jin ana raina tsuntsun aboki.

"Tsada? Baiwar Allah, ba ki ga Doris ba! Ta uku daga Faransa! Wani ɗan Beljiyam ya taya ta fam dubu biyu, wannan dattijon ya ƙi!"

Ta buɗe biro. "Doris. Tana ina?"

Sai ga ta kan katanga. Ta huta, ta diro, ta ƙarasa sauran tafiyar da ƙafa, tana ɗingishi, ta tsaya a kan takalmin Norris.

Norris ya dube ta. Ya dubi Alwyn. Ya shiga gida, ya sa haƙoransa, don akwai maganar da ba a yin ta da baki a lotse, ya dawo da wata tsohuwar takarda daga gwangwanin biskit.

"Ta uku cikin uku," ya ce. "Mu uku muka tura a shekarar. Kwana tara ta yi. Kuma ba da fiffike ta iso ba, wani direban motar kifi ne ya tsince ta a Grimsby ya kawo ta a kwali. Ga wasiƙarsa."

"Ɗan Beljiyam ɗin fa?" in ji Alwyn.

"Babu ɗan Beljiyam."

Misis Pickering ta karanta wasiƙar har ƙasa. Direban ya rubuta cewa tsuntsuwar ta cinye masa rabin burodi. Ta duba littafin tseren sauran, ta ga babu wadda ta taɓa cin ko cokali. Ta rubuta: tsuntsayen gida, ba su da kasuwa. Ta ce bayan shekara, in ya kiyaye sharuɗɗa, za a sallame shi daga bashin, sannan ta tafi.

Suka kama gadon, Alwyn a gaba, Norris a baya.

"Shekara tara ina saya maka giya saboda tseren nan, tsohon banza."

"Na sani. Za ka faɗa a kulob?"

"Kafin abincin rana."

"Ɗaga ɓangarenka, za ka goge fenti."

Da suka ajiye gadon, Norris ya koma tsakar gida. Doris na nan inda ya bar ta, ba ta shiga ba, tana jiran a ɗaga ta. Ya ɗaga ta ya sa a gurbinta, ya ƙara mata masara.