Aurena a Hannun Ɗan Kartun

Mijina Maliki mutumin kirki ne, in dai bakinsa a rufe yake. Ba ya fashin salla, ba ya taɓa kayan kowa, gonarsa ta dawa kuma ta fi ta kowa tsabta a layin ruwanmu. Cutarsa ɗaya ce, kuma ba wurin kakanninsa na Sakkwato ya gaje ta ba, a kasuwar Wad Haddad ta nan Sudan ya kwaso ta: rantsuwa da saki. In gardama ta yi zafi sai ya miƙe, ya daki ƙirji ya ce, “Alayya talag!” Wato in abin da ya faɗa bai tabbata ba, matarsa ta saku. Matar nan kuwa ni ce, Rabi'atu, wadda galibi a lokacin tana gindin murhu tana tuƙa masa tuwo, ba ta san an sa ta a caca ba.

Sau biyu ina sakuwa ta wannan hanya. Na farko ya rantse za a yi ruwa kafin Juma'a, sama ta yi masa kunnen ƙashi. Na biyu ya rantse wani baƙonsa ba zai bar gidan ba sai ya ci rago, bawan Allah kuwa jana'iza ke jiransa, ya haura katanga ya gudu. Duka biyun limaminmu Malam Abdussalami ya ce saki ya auku, aka yi kome, na dawo ɗakina. Saura igiya ɗaya. In ita ma ta tsinke babu sauran kome, sai dai in tattara ya-nawa-ya-nawa in koma gidan wana a Rusairis, da furfurata da jikokina.

Maliki ya sani. Shekaru ya yi yana cije harshe, har na fara barci da ido biyu a rufe. Sai ga kartun.

Kamal mai raksha, wato babur mai ƙafa uku, shi ne ya kawo mana wannan masifa. Duk ranar kasuwa yakan tsaya shagon masu tura finafinai a cika masa filash, ya kawo nadi, wato rumfar da mazan ƙauyenmu ke buga karta bayan la'asar, inda akwai talabijin mai aiki da hasken rana. Wata rana a cikin filash ɗin aka sami wani zanen mutanen Japan da aka juya da Larabci. Wai don yara aka sa. Kafin a je ko'ina dattawa sun kori yaran daga tabarmar gaba.

Abin da ke ciki, yadda na fahimta, wasu samari ne marasa aikin yi. Su kwanta a kan kujera, su ɗaura wani baƙin tabarau a fuska, sai ga su a wata duniya cikin na'ura. A can ma ba noma suke yi ba, karta suke bugawa. Wannan ya jefa kati sai maciji mai fukafukai ya fito, wancan ya jefa nasa sai jarumi mai takobi ya faɗo daga sama. Su yi ta ihu suna yi wa juna bayanin abin da kowa ke gani da idonsa. Mazanmu da suka yi rabin rayuwarsu suna buga kartar konkan a kan tabarma suka ga ashe ga inda ake mutunta sana'arsu.

Nadi ya rabu biyu. Maliki yana bayan wani yaro mai gashi tsaye cirko-cirko, wanda suka raɗa wa Mai Tsintsiya. Amininsa kuma abokin gardamarsa tun suna kiwon awaki, Salih, yana bayan wani dogo mai rufe fuska da suke kira Mai Rawani. Na sha jin mijina cikin barci yana cewa, “Jefa macijin, kai yaro, jefa!”

Ranar da abin ya faru ina tankaɗe, sai ga Nasiba matar Salih ta faɗo gidan ko sallama babu, mayafi a hannu.

“Yaya Rabi, kin ji abin da anka yi a nadi?”

“Wa ya mutu?”

“Ba wanda yam mutu. Maigidanki ne yar rantse.”

Rariyar ta suɓuce daga hannuna. Ashe an kai kashi na kusa da ƙarshe, Mai Tsintsiya da Mai Rawani sun tsaya za su yi karon ƙarshe, sai filash ya ƙare. Salih ya ce nasa ne zai ci. Maliki ya ce ƙarya ne. Salih ya yi wata 'yar dariya ta hanci da ya san tana tayar wa mijina da aljanu. Shi ke nan, gogan naka ya miƙe a gaban mutum kusan talatin, ya daki ƙirji, ya rantse da saki cewa Mai Tsintsiya ne zai ci.

Da ya dawo gida, kamar kazar da ruwa ya daka. Ya zauna bakin angarib, gadonmu na igiya, yana kallon yatsun ƙafarsa.

Na ce, “Maigida, ni kas sa a kan kati?”

“Ke, ki kwantar da hankalinki. Wanga yaro ba a taɓa cin shi ba. Shi ne mai fim ɗin.”

“Sama ma haka kac ce.”

Ya koma kallon yatsun ƙafarsa. Ni kuma na shiga ɗaki na yi kuka, kukan gaske, don duk haukansa ina son mutumin nan, kuma ba na son in tsufa a zauren wani.

Kashi na ƙarshe sai kasuwa mai zuwa. A tsakanin nan babu abin da ban gani ba. Mata suka fara zuwa yi mini jaje tun gawa ba ta faɗi ba. Wata tsohuwa ta tambaye ni ko in na tashi zan tafi da babbar tukunyata. Maliki kuwa ya koma mutumin Allah na ban mamaki. Shi ne farkon shiga masallaci, shi ne na ƙarshen fita, kuma na ji da kunnena yana roƙon Ubangiji Ya dafa wa Mai Tsintsiya. Har wurin Malam ya je neman rubutu. Malam ya tambaye shi wa zai sha, talabijin?

Kamal ya yi ƙoƙarin fahimtar da shi cewa an gama zana abin nan tun tuni a Japan, addu'a ba za ta sauya ko layi ɗaya ba. Maliki ya ce wannan maganar marasa imani ce, ya kuma hana shi tambayar masu shagon yadda ta ƙare. Ni dai na lura ya daina cin abinci sosai, kuma ya gyara ƙofar kicin da nake ta yi masa magana a kanta tun haihuwar autarmu.

Ranar kasuwa da la'asar na yi wanka, na ɗaura tobe ɗina mai kyau, wato lafayar fita unguwa, na ɗauki 'yar kujerata na nufi nadi. Mace ba ta taɓa zama a rumfar nan ba. Wani dattijo ya buɗe baki zai yi magana, na ce masa, “Baba, aurena anka sa a talabijin, ni ko in zauna gida a ba ni labari?” Ya matsa mini. Matan ƙauye suka yi layi a bayan danga. Malam Abdussalami ma ya zo, wai a matsayin shaida, amma yadda ya san sunan kowane maciji ya nuna ba ranar ya fara shaidar ba.

Aka kunna. Wallahi ban taɓa tsammanin zan tsaya ina addu'a a kan zane ba, amma sai ga ni ina yi. Mai Rawani ya fito da wani ƙaton kunkuru mai aman wuta. Namu ya jefa macijinsa, rumfa ta ɗauki kabbara. Suka yi ta surutu, kati ɗaya sai an yi masa huɗuba, har na ce da ƙarfi, “Kai ɗan nan, jefa mana, mutane na da aiki!” A ƙarshe Mai Tsintsiya ya zaro wani kati mai walƙiya. Kowa ya ga in ya ajiye shi, magana ta ƙare. Maliki ya miƙe tsaye, ya fara juyawa wajen Salih da haƙora a waje.

Sai rawanin ya faɗi. Ashe dogon nan wan Mai Tsintsiya ne da ya ɓace tun farkon labari, kuma dokar na'urar ita ce wanda aka ci ba zai ƙara farkawa a duniya ba amma in ɗayansu ya janye da kansa, duk biyun za su farka. Yaron ya dubi katin, ya dubi wansa, hawaye suka zubo masa shaa kamar an buɗe famfo. Ya sa hannu ya cire tabarau, ya janye. Aka rubuta sunan Mai Rawani da manyan haruffa, aka saki kiɗa.

Kowa ya juyo yana kallon mijina.

Maliki ya fara kame-kame. “Ai wanga ba ci ba ne, kyauta yab ba shi.”

Malam ya ce, “Sunan wa anka rubuta?”

Salih, wanda ya yi nasara, ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi, fuskarsa ta fi ta mijina muni.

Malam ya gyara zama ya yi gyaran murya. Ya ce ya kwana biyu yana bincike, har Sinnar ya je ya tambayi manyansa. Akwai malaman da suka ce in mutum ya yi irin wannan rantsuwa ba da nufin rabuwa da iyalinsa ba, sai don kawai ya ƙarfafa zancensa, to ba saki ba ne, rantsuwa ce ta iska, kaffara zai yi.

Na ce, “Allah gafarta Malam, ina wanga bincike yake lokacin sama da lokacin rago?”

Ya ce, “Hajja, lokacin akwai hanyar komowa.” Sannan ya juya ga mijina. “Maliki, gaban jama'a za ka hwaɗi. Da kar rantse, rabuwa da Rabi'atu kan nufa, ko cika baki ne kawai?”

Tambayar da yaron goye zai amsa. Amma ku tuna wa ake tambaya. Mutumin da duk girmansa a nadi shi ne in ya daki ƙirji magana ta zauna, yau ana so ya faɗa da bakinsa, a gaban Salih, cewa rantsuwarsa iska ce. Ya buɗe baki ya rufe. Ya dubi Salih. Ya dubi dattawa. Ya dubi talabijin, inda ɗan zane ya gama yin abin da shi ya kasa. Ni kaɗai ce bai duba ba. Shirun nan ba wani dogo ba ne, amma ya ishe ni in ga ɗakin da za a ba ni a Rusairis, har da inda zan ajiye akwatina.

“Cika baki ne,” ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

“Ba mu ji ba,” in ji Malam.

“Cika baki ne! Duk rantsuwata iska ce, shi ke nan! Ban taɓa nufin ta tahi ba, ko sau guda.”

Mata suka rangaɗa guɗa a bayan danga. Maza suka yi ta bubbuga masa kafaɗa kamar shi ya ci kofin. Malam ya yanke kaffara: ciyar da miskinai goma. Nan take Maliki ya sami bakin magana, ya juyo wajena da fara'a.

“Ke, gobe sai ki tashi da wuri, a yi tuwon asida da miyar kuɓewa mai nama.”

Na ɗauki kujerata na kakkaɓe ta. Na ce, “Wanda yar rantse shi ka tuƙi.”

Washegari da hantsi na zauna a inuwar dalbejiya da kofin shayina, ina kallon magidanci mai jikoki durƙushe gaban murhu da muciya. Hayaƙi ya cika masa ido, gari ya yi gudaji, ya ƙone yatsa ya sa a baki. Ban tashi ba. Miskinan ma na tausaya musu, amma ban tashi ba.

Can, ba tare da ya ɗago ba, ya ce, “Har yanzu fushi kike? Ai na hwaɗi, kowa ya ji.”

“Ka hwaɗi,” na ce. “Amma sai da kay yi tunani.”

Muciyar ta tsaya a hannunsa. Asidar ta fara kamawa a gindin tukunya, muna jin ƙaurinta mu duka biyu, ba wanda ya motsa.