Gidajen Luming da Suka Ƙone

"Ninang, ki ɗan matsa mana, kina tare haske," in ji Efren. Ko kallona bai yi ba, idonsa na kan wayar da ya ɗaga sama da hannu biyu.

Na matsa. Ni da na riƙe shi a coci ranar da Fada ya zuba masa ruwan baftisma a ka, shi ya sa ma yake ce mini Ninang, yana tsala ihu har ya jiƙa mini riga, yau ni ce mai tare haske.

Uwarsa Luming, maƙwabciyata, wadda 'ya'yanta ke kira Inay, tana jingine da matasai a kan gadonta na gora. An shafa mata jan-baki, an ɗora mata wani mayafi mai sheƙi da ko farashin ba a cire ba. Likita ne ya sallamo ta daga asibitin gari, ya ce a kai ta gida a ba ta duk abin da ta nema, kowa kuwa ya san fassarar wannan magana. Shi ne Efren da yayarsa Leonila suka taso daga Italiya da akwatuna fal cakulan da man shafawa, suka jibge wa matar da ko kunun shinkafa da ƙyar take haɗiyewa.

Ita kuwa abu ɗaya ta nema, a ɗauko allon sungka a kira Tasya. Ni ke nan.

Tun muna amare muke buga sungka a barandarta bayan an sauke tukunyar rana. Allon katako ne da mijinta ya sassaƙa, gidaje bakwai nata, bakwai nawa, kowa da rumbunsa a gefe, 'ya'yan kuma farin wuri ne da muka tsinto a bakin teku. In an gama zagaye, kowa ya cika gidajensa da abin da ya tara a rumbu. Gidan da ba ka da abin cika shi ya ƙone ke nan, sai a toshe shi da ganyen gwaba, ba ka sake zuba masa sai ka ciwo 'ya'yansa. Kafin ciwo ya kayar da ita na ƙona mata gidaje uku. A gadon asibiti ma sai da ta damƙe mini hannu ta ce, "Tasya, ba zan je gaban Waliyyi Bitrus da gidaje uku a toka ba. Ki ajiye allon nan yadda yake."

Da safiyar ranar Leonila ta ja ni kicin, tana magana ƙasa-ƙasa, turarenta na neman shaƙe ni.

"Ninang Tasya, don Allah ki bar ta ta ci."

"Uwar taki ta taɓa barin wani ya ci?"

"Haba Ninang, kwana nawa ya rage mata? So muke mu ɗauka a waya, 'yan'uwa na can su ga Inay ta yi nasararta ta ƙarshe."

Na ja tsaki na fito. Nasarar ƙarshe! Mace na numfashi, 'yarta ta riga ta rubuta mata ƙarshe, saura a danna a aika.

To ina tsaye a inda ba na tare haske sai ga Leonila ta shigo da allon ta ɗora wa uwarta a cinya. Na leƙa. Ganyen gwaba babu ko ɗaya. An kwashe 'ya'yan da ke rumbuna an cika kowane gida tam, nata da nawa, an jera su kamar kayan talla.

A unguwarmu wuri ɗaya ake shirya allo haka a tsakiyar wasa, wato zaman makoki. Masu gadin gawa suna buga sungka don kada barci ya ɗauke su a bar mamaci shi kaɗai, kuma a irin wannan wasan ba a ƙona gida, ba a ambaton wuta kusa da akwati. Kowane zagaye a cika wa kowa, ba mai ci, ba wanda aka cinye. Yaron da ya tashi a layin nan ya san wannan kafin ya san haruffa. Amma waɗannan biyun sun sha ruwan Italiya ya wanke musu kai tas.

Luming ta daɗe tana kallon allon.

"Wa ya cire ganyen?"

"Ni ne, Inay," in ji Efren, har da washe baki. "Na ga datti ne, duk ya bushe. Yanzu ga shi nan fes, komai naki a cike. Ɗan ɗago kai kaɗan."

"To ina kyandir?"

"Kyandir kuma, Inay?"

"Tun da an shirya allon makoki, ku kunna kyandir mana. Ku kira masu addu'a. Ko har yanzu ba a auno tsawona ba?"

Ta sa bayan hannu ta goge jan-bakin, ta zame daga kan matasan, ta juya fuska ga bango. Leonila ta cafe allon kafin ya faɗi. Efren kuwa, Allah ya shirya, bai sauke wayar ba. Cewa yake, "Inay, ɗan murmushi kawai, sau ɗaya." Garin gyaran gira an rasa ido, shi ko a jikinsa.

Daga ranar ta rufe bakinta. Ba ci, ba sha, ba magana. Leonila ta kawo miyar kaza, ta kawo madarar gwangwani mai tsada, duk suka koma kicin yadda suka zo. Matan coci suka zo da carbinsu suka zagaye gadon, suna jan addu'a suna satar kallon akwatunan Italiya. Kowa na cewa ciwon ne ya ci ƙarfinta. Leonila har ta samu bakin ce mini da na yarda tun farko da ba a kai ga haka ba. Ban tanka mata ba, don in na buɗe baki sai an kira Fada ya raba mu.

Ni ma Luming ba ta kula ni. Na zauna a bakin gadon na kira ta da sunan da muke kiran juna, na ce, "Mare, ni ce." Ba ta juyo ba. Can ta ce wa bangon, "Ke ma kina tsaye aka yi." Wannan magana ta ƙona mini rai, don gaskiya ce. Tsoro ya kama ni, kada matar nan ta tafi a haka, tana ganin duk mun riga mun binne ta.

Wata rana bayan azahar 'ya'yan suka yi ado suka ce za su kasuwa, in ɗan duba musu Inay. Matar mai babur ɗin da ya ɗauke su ta riga ta gaya mini kasuwar da za su. Shagon masu akwatin gawa ne, Leonila na son fari mai hannun zinariya. Suna karya kwana na shiga bayan gida na tsinko ganyen gwaba.

Na ɗauko allon daga saman kabad na dire shi a kan gadon da ƙarfi. Na kwashe 'ya'yan gidajenta uku na watsa a rumbuna yadda za ta ji ƙararsu, na toshe guraben da ganye.

"Mare, ni fa ba dubiya na zo ba. Gida na huɗu na zo ƙonawa."

Fanka na juyi, a waje yara na jifan gwangwani da silifa suna ihu.

"Da wane hannun?" in ji ta, murya kamar ta fito daga ƙasan tulu. "Wannan da ko kifi bai iya gyarawa ba?"

"Juyo ki gani."

"Ɗaga ni, mayya."

Na ɗaga ta. Ba nauyi ko kaɗan, sai ka ce damin kara. Na tokare ta da matasai, ta sunkuya ta ƙirga gidajenta da ido, ta taɓa ganyen ɗaya bayan ɗaya, sannan ta leƙa rumbuna don ta tabbata ban ƙara wa kaina ba.

Ni na ci zagayen baya, don haka ni na fara. Ban raga mata ba. Na zagaya allon ina zuba ɗaya-ɗaya, na ƙarshen ya faɗa a gidana da ba komai, na kwashe duk abin da ke gidanta na daura da shi.

"Kai, Tasya, ba ki da imani! Shi ya sa mijinki ya gwammace kabari."

"Naki fa? Teku ya zaɓa a kanki, ko sallama bai yi ba."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da ya lafa ta ce, "Akwai sauran kunun nan? Ba na iya tunani da yunwa." Na ɗumamo mata da ɗan citta, ta sha cokali kaɗan, ta ture kwanon ta ce gishiri ya yi yawa.

Da bugunta ya zo hannunta na rawa, ɗa ɗaya ya suɓuce ya faɗa kan ganyen gidan da ya ƙone. Dokar wasa ta ce nawa ne. Ta ɗago ta zuba mini ido, tana jiran ta ga abin da zan yi. Na sa yatsa biyu na ɗauke shi na jefa a rumbuna.

"Muguwa," in ji ta, fuskarta ta saki kamar an yi mata albishir.

Ba a jima ba na kama ta ta tsallake gidana ɗaya don lissafinta ya fita. Na ɗaka mata duka a bayan hannu.

"Mayar. Ina kallonki."

"Jama'a ku zo ku gani, tana dukan mai mutuwa!"

"Ni ban ga mai mutuwa ba, ɓarauniya na gani."

Ta mayar tana ƙunƙuni. Daga nan kuwa sai wasa ya juya. Ta kwashi gida mai yawa ta fara zagaye, na ƙarshen ya faɗa inda akwai 'ya'ya, ta kwashe ta ci gaba, ta sake kwashewa. Rumbunta na cika ina gani. Na yi lissafi a zuci na ga in ta ɗore a haka gida ɗaya ya dawo, wataƙila ma biyu. Haushi ya kama ni na gaske, ita ma ta gani, sai wani lumshe ido take.

Ta sake cika tafinta. Ta ajiye ɗaya, ta ajiye na biyu. Hannun ya tsaya a saman gida na gaba.

"Mare, kina ɓata mini lokaci," na ce.

Hannun ya sauka a hankali ya kwanta a gefen allon. Idonta na kan wasan. Na saurari numfashinta, ban ji komai ba sai fanka.

Haka suka dawo suka same mu. Leonila ta saki ledar taliyar da ta sayo ta kurma ihu, ta faɗa kan ƙafafun uwarta. Efren ya yi tsaye kamar an dasa shi, can ya miƙo hannu zai ɗauke allon.

"Kada ka taɓa."

"Ninang, ta rasu fa."

"Na gani. Bugunta ne."

Ya janye hannunsa. Maƙwabta suka fara cika ƙofa, wata na tambayar inda aka ajiye kyandir. Ni dai ina zaune a inda nake, hannuwana a kan gwiwa, ina kallon 'ya'ya huɗun da suka rage a tafin Luming.