Sai Bayan Fim

Taisiya na bakin shinge lokacin da motar zuba tsakuwa ta juya ta koma gari. Ta bi ta cikin taɓo har ta tarar da Arkadi, shugaban ƙauyen, yana shan taba da wasu baƙi 'yan Mosko.

"Arkadi, ina motar za ta?"

"Kwantar da hankalinki, Inna. Sai bayan fim."

Ya yi bayani yana kallon ƙasa. Wani tsohon littafi za a mayar fim, irin waɗanda aka sa su haddacewa a makaranta, cike da talakawa masu haƙuri. An zagaye jihar kaf, ba a sami ƙauyen da ya yi kama da zamanin sarakuna kamar nasu ba. Sharaɗi ɗaya ne: kada a taɓa hanya.

"Motar asibiti fa? Tun da ruwa ya sauka ba ta iya shigowa. Mijina ƙafafunsa sun kumbura suntum, likita ya ce wankin ƙoda ba ya jira."

"Tarakta ta ja shi."

"Wadda ta mutu tun kana da gashi a ka?"

Daraktan fim ɗin, wani matashi mai gyale a wuya, ya matso yana ƙare mata kallo kamar mai taya saniya.

"Ku dubi fuskar nan! Iya, wahala ce ke wanke zuciyar ɗan Rasha. Manyan marubutanmu duk sun faɗa."

"A gindin murhu suka faɗa, ɗan nan, ana kawo musu shayi."

Ya yi dariya, ya ce lallai sai ta fito a wurin jana'izar da ke cikin fim ɗin. Taisiya ta dubi motarsu mai manyan tayoyi.

"In na fito, za ta kai shi gari?"

"Da mun gama."

Mai raba wa 'yan fim tufafi ta dube ta sama da ƙasa, ta ce ba sai ta canza komai ba.

Wunin ranar ta bi makara marar gawa, a tafi, a dawo, a sake. Da la'asar ta waiga, babu motar. Tauraruwar fim ɗin ta fara atishawa, an garzaya da ita gari.

"Gobe za mu sake, Iya," in ji daraktan. "Kukanki bai yi kamar na gaske ba tukuna."

Taisiya ta dubi tagar ɗakin da mijinta ke kwance.

"Gobe zai yi," in ji ta.