Auta Ya Samu Shago

Duk wanda ya taɓa zama a kujerar Auta ya san kukansa. Yana ɗaura maka ƙyalle a wuya zai fara, murya ƙasa-ƙasa don kada yayansa ya jiyo daga ɗaya kujerar. Shagon askin na Yaya ne, shi kuwa Auta tun yana saurayi yake aiki a ƙarƙashinsa, har furfura ta leƙo masa a gemu.

"Ni fa a ɗaure nake," in ji shi. "Da ni ke da iko, da tuni na fasa bangon nan na sa gilashi, na yar da madubin nan mai tsatsa. Amma Yaya ko ƙusa ba ya bari a kafa."

Mutane sukan ce gaskiya ne, tunda reza na hannunsa.

Wata safiya Yaya ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Da aka sallamo shi daga asibiti, ya turo wa Auta makullai da hannun hagu, harshe na juyawa da kyar ya ce, "Naka ne. Yi yadda ka ga dama."

Auta ya yi kuka, kuma har zuciyarsa ya yi. Amma a hanyar gida wata tafiyar ƙasaita ya kama, sai ka ce an ba shi gari.

Ya kira mai gilashi ya auna bango, daga nan ya daina ɗaga wayarsa. Ya sayo fenti shuɗi, ya mayar ya karɓo kore, ya tura gwangwanin ƙarƙashin benci har ya daskare. Kullum da yamma sai ya bi ta gidan Yaya, wai dubiya, ya tsuguna gefen gado.

"Yaya, ya kake gani, shuɗi ko kore?"

"Ban gani ba," in ji Yaya.

Shi Yayan, da ko juyi sai an juya shi, ya ce ba ya shan maganin da ke sa shi barcin rana, sai da likita ya canza. Ya sa an jawo gadonsa bakin taga. Yana nan yana koyon riƙe almakashi da hagu, yana yayyanka tsohuwar jarida, yana zagin yatsunsa.

A gida matar Auta ta ce, "Baban yara, ina gilashin? Ni har na baza wa ƙawayena."

"Ke me kika sani? Mai ginin da muke haya ne ba zai yarda ba."

"Ka tambaye shi?"

"Sai na tambaya? Fuskarsa kaɗai ta isa."

Ta yi dariya har da riƙe ciki.

Ranar nan sai ga mai ginin da kansa ya zo aski. Ya dubi shagon ya taɓe baki. "Kai, ka gyara wurin nan mana. Ko bangon za ka fasa, fasa." Ya cire hula ya jingina. "Yi mini duk irin da ka ga ya dace."

Auta ya kunna inji. Ya zagaya dama, ya dawo hagu, injin na ta kuka a iska. Can ya juya ga masu jira a benci.

"Jama'a, wane iri kuke ganin zai yi wa Yallaɓai kyau?"

Mai ginin ya dube shi ta madubi, ya ja tsaki, ya mayar da hularsa, ya tsallaka titi wurin wani mai askin.