Sawun But a Daɓen Coci

Tun da aka aiko wa Theresa cewa ɗanta Philip, soja, ya faɗi a daji, bakinta ya mutu. Gawa ba ta iso Zuru ba, jakarsa kawai aka kawo. Babu kabarin da za ta je ta tsaya. Da ita ke ɗaga waƙa a Zumuntar Mata, yanzu sai ta zauna can baya a coci, in an ce a yi addu'a ta rufe ido tana jiran amin. Ga shi kullum tana sharar tsakar gida sai ta ji takun but ɗin soja a bayanta. Ta juya, ba kowa.

Rannan Beatrice, uwar zumunta, ta leƙo ta tarar da ita tana surfe.

"Maman Philip, ɗauko madaɓinki. Akwai ƙauye bayan Kanya, 'yan bindiga sun ƙone musu coci. Maza sun ɗora kwano, saura daɓe."

"Mama, ni fa ba ni da waƙa."

"Wa ya ce waƙa? Hannu muke nema. Ko shi ma ya yi ritaya?"

Ta bi su. Suka isa, bango duk baƙin hayaƙi. Aka zuba marmara, aka yayyafa ruwa. Wata tsohuwa musulma, Maimuna, wadda gidanta ke jikin cocin, ta jiƙa musu makuba a tulu, don da ita daɓe ke yin ƙarfi da ja.

To, daɓe ba ya yi sai da waƙa, ita ke sa madaɓai su sauka tare. Wadda ta ɗaga waƙar, muryarta ba ta kai ba, kowa na bugun nata. Mata suna satar kallon Theresa, ita kuwa ta sunkuya tana dukan ƙasa. A kunnenta ba madaɓai ba ne, faretin soja ne. Da yamma dai aka gama yadda aka iya, aka tare ƙofa da ƙaya, don ɗanyen daɓe ko akuya ba ta taka shi.

Da safe sai ga ƙayar an janye. Sawun but ya shiga tun daga ƙofa har gaban bagade, can kuma ga ramin gwiwa biyu.

"Wane marar kunya ne wannan?" in ji Beatrice.

Maimuna ta ce, "Sojan da ke gadin gari ne, ina jin. Na tashi alwalar asuba na ga mutum ya fito, hula a hannu. Fuskar dai ban gani ba."

Beatrice ta ɗaga madaɓi za ta shafe sawun. Theresa ta riƙe mata hannu.

"Bari, Mama."

Ta bi sawun a hankali. Ƙafar hagu ta fi nutsewa, haka Philip ke tafiya tun yana ƙarami. Ta auna da taki. Sai ta durƙusa, ta sa gwiwoyinta cikin ramukan nan, ƙasar da sanyi.

Ta ce a miƙo mata marmara. Ta damƙa, ta zuba cikin sawun, yadda ake zuba ƙasa a bakin kabari. Beatrice ta gane, ita ma ta ɗiba ta zuba. Mata suka bi layi. Maimuna ta tsaya a ƙofa da tulunta, ta ce, "Allah shi ba ki haƙuri, ɗiyata."

Theresa ta yayyafa makuba, ta ɗaga madaɓi. Muryar ta fito a dishe, ba ma waƙar littafi ba ce, abin da ya zo bakinta ne: "Yesu, ban san inda yake kwance ba, kai ka sani." Mata suka amsa. Madaɓai suka sauka tare, har kwanon rufi na amsawa.

Sai da daɓen ya yi sumul suka fito. Theresa tana ɗaure ƙaya a ƙofa ta ji takun nan a bayanta, yana yin nisa wajen hanya. Ba ta juya ba. Ta ƙara jawo ƙayar da kyau, ta je wanke hannu.