'Yar Fari a Gaban Mai Bincike

Wata likita mai bincike kan damuwar matasa ta zo gidanmu a Chagoua, ta zaunar da ni kusa da Inna. A lokacin na daɗe ba na iya barci, kullum sai kuka.

Ta tambayi Inna da Larabci, "Ikilima tana gaya miki abin da ke damunta?"

Ni ce 'yar fari. Inna ko sunana ba ta kira, balle ta nuna ta damu da ni a gaban baƙuwa. Ta kawar da kai ta ce, "Wannan? Lafiyarta ƙalau."

Likitar ta yi godiya, ta wuce maƙwabta. Haka aka ƙirga ni cikin masu lafiya, ina zaune gabanta da kumburarrun idanu.