Yashin Gonar Shahata

Shekara goma sha ɗaya ke nan yayana Shahata yana ɗaga gonarsa. Duk bayan girbi sai ya ɗaura wa jaki amalanke, ya nufi tudun yashin da ya raba ƙauyenmu da teku, ya ɗebo ya shimfiɗa, don saiwar tumatir ta tsere wa gishirin da ke tasowa daga ƙasa. Kowa haka yake yi a nan. Gonar ba ta kai kadada ba, kuma ita ke nan gare shi.

Ranar Juma'a 'yarsa Nagwa ta zo daga birnin Iskandariyya, inda take aiki da masu auna teku. Ta same mu a gindin dabino muna cin kifi da shinkafa.

"Sannu da zuwa, malamar taurari," in ji Shahata. "Yau me aka gano mana a sama?"

"Baba, na sha gaya maka ba duba nake yi ba."

Ta wanke hannu ta zauna. Ta ce tauraron ɗan'adam ne ke auna tsayin teku daga can sama, kuma namu yana ƙaruwa kamar kaurin ƙwayar alkama duk shekara. Ruwa in ya ɗumama kumbura yake yi, ga ƙanƙara tana narkewa a ƙarshen duniya. Ƙasarmu kuma lotsawa take yi, tunda kogi ya daina kawo laka.

Shahata ya yi dariya har da tari.

"Ƙwayar alkama! Ni yatsa huɗu nake ƙarawa. Ki ce wa tekun naku ya ƙara wuta, na ba shi rata."

Ba ta yi dariya ba. Ta miƙo mini wayarta.

"Baffa Zaglul, kai ka duba. In ni na faɗa, cewa zai yi boko ne."

Hotuna biyu ne, na da da na yanzu, an ɗauko su daga sama. A na farko tudun yashin ya miƙe ba yankewa. A na biyu ya tsuke, kuma daidai inda amalankenmu ke shiga saura ɗan siriri kamar igiya. Na daɗe ina kallo, sannan na ba Shahata.

"Wannan tudun ne ke tare muku teku," ta ce. "Ran da guguwar hunturu ta zo da ƙarfi, ta nan zai shigo."

Ya ture kwanon gefe.

"In na daina ɗiba fa?"

"Gishiri zai cinye gonar. Ba za ta wuce shekara biyu ba."

"In na ci gaba?"

"Teku."

"To, 'yar Baba, wanne ya fi jinkiri?"

Ta sunkuyar da kai tana tsince ƙayar kifi.

Ta koma ranar Asabar. Lahadi da hantsi Shahata ya tsaya a ƙofar gidana.

"Zaglul, ara mini sheburinka, nawa ƙotarsa ta karye."

"Yaya, ka dai ga hoton nan."

"Na gani. Irin tumatir yana jirana, ya isa dashe."

Na ɗauko, na bi shi. A bakin tudun muka tarar da amalanke bakwai sun riga mu. Muka gaisa, muka shiga layi. Da namu ya zo, Shahata ya kafa shebur ya ɗaga, sai ramin ya fara tara ruwan teku.